Batir Na Biyar

Ni malamin lissafi ne, shekara da shekaru ina koyarwa a wata sakandare a Kano. Na fara da wannan ne don kada a yi mini uzuri da rashin sani. Lissafin da ya kamata in yi kafin in taɓa kekena, ɗan aji huɗu na firamare zai yi shi da yatsa a ƙasa.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Babur ɗina ya koma abokin rabon albashi. Na sayar da shi, na sayi keke mai caji irin masu arahar nan da ake shigowa da su daga ƙasar Sin: inji a cibiyar tayar baya, batir huɗu masu bolt 12 kowanne a ƙarƙashin sirdi, jimla bolt 48, ga feda ga totur. Alhajin da ke da shagon ya haɗa mini da rasit da wani ɗan kati. Ya ce, "Malam, wannan garanti ne. Inji da kwantirola shekara guda, batir wata shida. Duk abin da ka ji, mu za ka kawo wa, kada ka kai wa kowa." Na ce to, madalla. Katin na cusa shi cikin ledar da nake tara takardun kuɗin wuta. Akwai ƙananan rubutu a bayansa, ban ko juya ba.

Tun farkon hawa na lura da wata 'yar ƙara a tayar baya, ƙir-ƙir, duk lokacin da zan tashi daga tsaye. Ba ta hana tafiya. Na ce sai ranar Asabar zan kai. Asabar ta zo da ɗaurin aure, wadda ta biyo ta ta zo da gaisuwar mutuwa, daga nan kunnena ya saba, na daina ji. A riƙe wannan ƙarar, za mu dawo kanta.

Abin da ya dame ni a lokacin shi ne gudu. Komai murɗa totur, keken ba ya wuce kilomita 25 a awa. A Daidaita Sahu ya wuce ni, mai kurar ruwa ma sai na ga kamar kallon tausayi yake mini. Ɗalibaina suka raɗa masa suna Sannu Ba Ta Hana Zuwa, kuma na ji su. A ɗakin malamai wani abokin aiki ya ce, "Ai ɗaure shi aka yi. Turawa ke son wannan tafiyar hawainiya. Akwai wani mai riwaya a unguwarmu, minti biyar zai kwance maka shi."

Gaskiya ne ɗaure shi aka yi, kuma da dalili. Ƙa'idar da ƙasar Sin ta fara aiki da ita a 2019 ta kayyade wa keken lantarki gudun kilomita 25 a awa, inji kada ya wuce wat 400, batir kada ya wuce bolt 48. Tarayyar Turai ma kilomita 25 ta yanke, da inji mai wat 250. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, kamfanin da ke ƙera keke mai araha a kan wannan ma'auni yake auna komai. Birki na kilomita 25 ne, kaurin waya na wutar kilomita 25 ne, kayan cikin kwantirola ma haka. Ba ya barin rara mai yawa, domin rara kuɗi ce, kuma rashinta ne ya sa farashin ya zo daidai aljihuna.

Na je wurin mai riwayar. Ya zaro wata siririyar waya daga cikin damin da ke fitowa daga kwantirola, wato ɗan akwatin alminiyom da ke raba wa inji wuta, ya datse ta. Keken ya haura 30. Na ji daɗi na ɗan lokaci, sannan 30 ɗin ma ta zama ba komai. Na koma.

"Injiniya, ba wani abin da za a ƙara?"

"Akwai mana, Malam. A ƙara batir ɗaya ya zama bolt 60. Sannan in buɗe kwantirola in ɗiga dalma a kan wayar da ke auna wuta, sai ya riƙa sakin wuta fiye da da. Gadar sama ma da gudu za ka haye ta. Amma sai ka sayi sabuwar caja, taka ba za ta cika batir biyar ba."

Ina tsaye a kansa ya sa sukudireba ya huda wata 'yar takarda mai sheƙi da aka liƙa a kan kusar akwatin. Na gan ta da idona. Na ma tambaya, ya ce ado ne. Ba zan ɗora masa laifi ba. Bai zo gidana ya roƙe ni ba, ni na kai kaina sau biyu, kuma na karɓi amsar "ado ne" saboda ita nake so in ji.

Keken ya kai 40 da 'yan kai. Na wuce A Daidaita Sahu a kan titin Kabuga har direban ya waiwayo. Abin da ya fi burge ni ma shi ne allon caji: daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa kasuwa, a cike yake nunawa. Na tsaya a ɗakin malamai ina cika baki cewa kekena ya daina shan caji. Har na ba mutum biyu kwatancen shagon mai riwayar. Allah Ya sa ba su je ba.

Daga nan abubuwa suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina ba kowanne uzuri. Birki ya fara kuka, na ce ƙura ce. Cibiyar taya ta riƙa zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, na ce ai bazara ce, Kano a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, komai ma zafi yake. Tafiyar da caji ɗaya ke kai ni ta riƙa raguwa, keken ya riƙa mutuwa a hanya alhali allo bai nuna ya ƙare ba, na ce wutar unguwa ce ba ta da ƙarfi. Ranar da abin ya ƙare, ina tsakiyar hawan gadar sama da buhun shinkafa a baya. Na ji fat, sai warin ƙonannen roba. Tayar baya ta yi tauri, ko turawa da ƙyar. Haka na gangaro da shi ina haɗa gumi, mutane na yi mini sannu.

Da a nan na tsaya, da wauta ce kawai. Abin da na yi bayan nan ya fi wauta muni. A daren na lalubo katin garantin, na juya bayansa a karon farko. A rubuce yake sarai: garanti ya faɗi idan an buɗe kwantirola, ko an sauya ƙarfin batir, ko an cire abin kayyade gudu, ko wanda ba wakilin kamfani ba ya yi gyara. Sharaɗi huɗu, ban bar ko ɗaya ba. Maimakon in haƙura, sai na tashi da sassafe na cire batir na biyar, na haɗa wayar da aka datse na naɗe ta da baƙin salatif, na goge keken tas, na ɗauki mai kura ya kai mini shi shagon Alhaji.

"Malam, lafiya? Ba a dai taɓa shi ba ko?"

Na ce, "Alhaji, ni dai hawa kawai nake yi."

Na zaɓi kalmomin nan tun a hanya, don in iya ce wa kaina ban yi ƙarya ba. Ha'inci ne, ko da wace riga na sa masa.

Alhaji ya kira yaron da ke musu gyara, matashi ne da bai wuce sa'ar ɗaliban da na yaye ba. Ya durƙusa ya juya tayar, ya sunsuna wayoyin, sannan ya ce, "Malam, ka zo da caja? A ba ni in gwada." Na zuge jaka na miƙa masa. Tana barin hannuna na tuna. Tsohuwar cajar tana ƙarƙashin gado tun ranar da aka ƙara batir. Wadda na saba ɗauka kullum ita na ɗauko.

Yaron ya juya ta, ya karanta abin da ke jiki. Bai ce komai ba. Ya miƙa wa Alhaji, ya nuna masa da yatsa inda aka rubuta 60. Alhaji ya gyara tabarau ya duba, ya dube ni, ya ajiye ta a kan kanta a hankali. Akwai masu ciniki biyu a shagon, su ma suka yi shiru. Na ji zufa tana bin bayana. A cikin 'yan daƙiƙun nan na nemi abin faɗa: in ce ta maƙwabci ce, in ce yara suka musanya. Kowace ƙarya na ɗauko sai in ga tana buƙatar wata ta tallafe ta, ga kuma takardar da aka huda tana kallon kowa. Abin da ya fi ƙona ni shi ne babu wanda ya yi mini faɗa. Da Alhaji ya ɗaga murya, da na samu abin kamawa in yi fushi.

Na ce, "Alhaji, an taɓa shi. Ni na sa aka taɓa."

Ya ce, "Mun gani, Malam. Zauna."

Yaron ya buɗe akwatin a gabana. Ga dunƙulen dalma a kan wayar awo. Ga kafasita ta kumbura ta fashe, a jikinta an rubuta bolt 63. Ya ce batir mai bolt 12 idan ya cika yana haura 13, biyar ɗinsu sun wuce 65, ke nan duk safiyar da na cire caja ina ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ya ce wayoyin cikin inji sun ƙone saboda wutar da dalmar ta saki. Wannan na san shi a aji: zafi a waya yana tafiya da ninkin wuta a kanta, in ka ƙara rabi, zafin ya ninka fiye da sau biyu. Birki ma haka, wanda ke gudun 40 yana ɗauke da ƙarfin da ya ninka na mai gudun 25 sau biyu da rabi.

Sannan ya gwada batiran, huɗun duk sun raunana. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan kwantirola an saita ta ta yanke wuta idan batir ya sauka zuwa bolt 42, don kada a tatse shi ya lalace. In batir huɗu ne, kowanne ya tsaya a nawa?"

Na ce goma da rabi.

"In biyar ne fa?"

Takwas da ɗigo huɗu. Na faɗe ta a hankali. Goma da rabi ita ce iyakar da irin wannan batir ke jurewa. Ni kuwa kullum ina tatsar su har ƙasa da haka, allon caji kuma yana nuna mini a cike domin awon bolt 48 ya sani. Wato abin da na tsaya ina alfahari da shi a ɗakin malamai, shi ne alamar batirana suna mutuwa.

Sai na tuna da ƙarar nan ta farko, na faɗa musu, ina fata ta cece ni. Yaron ya ce mai yiwuwa boris ne ko na'urar da ke cikin inji ta zo da matsala daga kamfani, kuma da na kawo a lokacin, tayar gaba ɗaya za a sauya mini kyauta. Yanzu kuwa komai ya ƙone, ba mai iya rarrabe laifin kamfani da nawa. Wannan ita ce asarar da ta fi tsaya mini. Ina da haƙƙi na gaske a hannu, na ƙona hujjarsa da kaina. Garin gyaran gira na rasa ido.

Ban haƙura nan take ba, sai da na nemi wani abokina lauya. Na ce masa na karanta cewa a Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa wa kaya wani abin da ba nasa ba. Ya yi dariya ya ce da farko nan Kano ne, na biyu ko a can ɗin kamfani na da damar ƙin gyara idan abin da aka sauya shi ya jawo lalacewar, ni kuma nawa a bayyane yake. Ya ce dokarmu ta kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da suka zo da aibi, a gyara ko a sauya ko a biya shi. Aibin da kaya suka zo da shi take nufi. Wanda mutum ya biya kuɗi aka saka masa, ba ruwanta.

Ba kowane taɓi ne ke kashe garanti ba, wannan ma Alhaji ya fayyace mini. Kwandon da na ɗaura a gaba, da madubi, da rigar sirdi, ya ce ko goma na sa ba matsala. Iyakar ita ce duk abin da ya shafi wuta da gudu: batir, caja, kwantirola, inji, wayoyi. Ya kuma nuna mini cewa suna da wani samfurin da aka ƙera shi tun asali a kan bolt 60, da birki da kwantirola daidai da shi, da garantinsa. Bambancin farashinsa da nawa bai kai abin da na kashe a gyara ba. Inji, kwantirola da batir huɗu sun ci mini kusan rabin kuɗin keken, duk daga aljihuna.

Duk wannan a kan me? Tafiyar kilomita 10 minti 24 ce a gudun 25, minti 15 a gudun 40. Minti tara ke nan a kan titin da ba kowa, kuma ba a yi irin wannan titin a Kano da safe ba.

Kai da ka sayi naka kwanan nan, na san an riga an ba ka kwatancen wani mai riwaya, ko an nuna maka bidiyon wayar da ake datsewa. Ɗauko katinka yau ka karanta bayansa. In kuma akwai wata ƙara da kunnenka ya fara sabawa da ita, ka kai keken wurin wanda ya sayar maka tun hatimin kwantirola yana nan lafiya.