Kusurwar Shinge da Jar Akuya

A wajenmu nan Mandera, cikin ƙasar Boɗinga da Shagari, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da akuya ba. Yawancinsu na mata ne, kuma su ne asusun gida. Mu da muke koyarwa mun san wannan sarai, gama sau da yawa kuɗin littafi da na rigar makaranta daga wuyan ɗan akuya suke fitowa. Tana ɗaukar ciki wata 5, takan haifi biyu, in kuwa ta sami abinci tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2.

Akuyarmu ba ƙaramar dukiya ba ce. Tun zamanin ayari fatake suna ƙetare Sahara da fatar jar akuyar Sakkwato, har Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko, domin ta can take isa gare su. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun buɗe cibiyar kiwonta a Maraɗi a 1963. Amma wannan dabba mai albarka ita ce kan haɗa maƙwabta faɗa. Da shuka ta tsiro, mai gari yakan sa a yi shela a ɗaure dabbobi. Duk da haka turke yakan tuge, igiya takan tsinke, cikin sa'a guda akuya ta cinye waken da mutum ya yi wata yana wahala a kansa. Daga nan sai ƙara gaban mai gari, sai biyan ɓarna, sai gaisuwa ta yi sanyi.

In muka bi sawun akuyar, sau da yawa a kusurwar shinge za mu ga ta shiga. Dalili kuwa a fili yake. Itacen da ke tsakiyar layi yana da na dama da na hagu, suna jansa daidai. Na kusurwa kuwa, gefe biyu suna jansa zuwa ciki, ba mai riƙe shi ta baya. Ga iskar hadarin farkon damina tana tura danga. Ga ƙasarmu ta jigawa mai saki in ta jiƙe. Ga gara tana ci ta ƙasa. Ga akuya kuma tana soshe jikinta, tana ɗora ƙafafun gaba. Da kusurwa ta karkata, tanka ta yi sako-sako, shinge duka ya kwanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka da kusurwa muke fara aiki, tun da bazara. Mukan zaɓi itace mafi kauri, kirya in an samu, ko azarar giginya, gama gara ba ta cinsu da sauri. In dogon yaro ne a hannu, sai a babbake gindinsa ko a shafa masa baƙin man mota. Rami ya yi zurfi, har kashi ɗaya cikin uku na itacen ya shige ƙasa, watau itace mai ƙafa 7 ya sami ƙafa 2 da ɗoriya a ƙasa. Kada a zuba ƙasa gaba ɗaya. A zuba kaɗan tare da marmara ko tsakuwa, a daddaɓe da taɓarya, a ƙara, har bisa.

Sa'an nan sai tokara. Ana sa gwafa biyu, kowace tana bin layin shinge guda. A sassaƙa ɗan gurbi a jikin itacen kusurwa, a sa kan gwafa a ciki, gindinta kuwa ya dogara ga gindin itace na biyu ko bisa faffaɗan dutse da aka binne. Doguwar gwafa mai kwanciya ta fi gajera mai miƙewa, domin gajeriyar takan ɗaga itacen daga rami in shinge ya ja. Ga kuma abin lura: gwafa tsani ce ga akuya. A sa ta ta gefen da awaki ba su kaiwa, ko a rufe ta da ƙayar aduwa.

Wanda ya sami halin sayen waya, ya kafa itace na biyu kusa da na kusurwa, ya gitta sanda a tsakaninsu ta bisa. Ya ɗaura waya riɓi biyu daga kan na biyu zuwa gindin na kusurwa, ya murɗa da sanda har ta yi tauri. Amma a garken awaki ba mu son waya mai ƙaya, gama tana yage fata, fata mai tabo kuwa ba ta da daraja wurin dillali.

Mun san itacen kirki ya yi wuya tun bayan farin 1973 da na 1984. Maganin wannan shi ne shinge mai rai. Reshen aguwa ko na dashi, in aka dasa shi gab da saukar ruwa, yakan kama. Bayan 'yan shekaru saiwa ce za ta riƙe kusurwa. Sai dai a hana yara wasa da nonon aguwa, domin yana cutar ido.

Ba shingen da zai tsare akuya mai yunwa. Mu adana harawa bisa rumfa tun da kaka, mu tara 'ya'yan gawo da dusa, mu ba ta ruwa da ɗan kanwa, mu kai ta allurar rigakafi in malaman dabbobi sun zo. Akuyar da ta ƙoshi takan kwanta tana tuƙa.

Ya ku iyaye, kafin hadari na fari, ku kama hannun yaranku ku zaga gona da garke. Ku girgiza kowane itacen kusurwa. Wanda ya motsa, a gyara shi a ranar. Yinin guda na haƙa da daɓe ya fi araha bisa damin gero da za a biya, balle zumuncin maƙwabci wanda ba a sayensa a kasuwa.