Tsohon Kibod ɗin Baba

Tun ina yaro a gidanmu da ke Alabar, cikin Zongon Kumasi, na saba jin wata ƙara bayan sallar asuba: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Baba ne yake buga huɗubarsa a kan wani tsohon kibod ƙirar IBM Model M, wanda ya saya kwance a Adum. Takardar da ke manne a bayansa ta nuna an ƙera shi a 1989, kuma nauyinsa ya kai kilo 2.

Da yanar ido ta kama Baba, sai muka haɗa kuɗi muka saya masa laftof mai babban gilashi, aka jefa tsohon kibod a ƙarƙashin gado. Amma maɓallan laftof shafaffu ne, kuma ba su da sauti. Baba bai yi ƙorafi ba, sai dai ya daina rubutu. Tarihin malaman unguwarmu da ya faro ya tsaya a tsakiya.

Wata rana na ce, "Baba, ko in riƙa rubuta maka?"

Ya ce, "Ɗana, ni da kunne nake sanin harafi ya shiga."

A nan na gane kuskurenmu. Ƙarƙashin kowane maɓalli na Model M akwai ɗan sifirin da ke lanƙwashewa ya yi ƙara daidai lokacin da harafin ya fita. Wannan ƙarar ce idonsa.

Na zaro kibod ɗin cike da ƙurar hunturu. Na cire maɓallansa 101, na jiƙa su a ruwan sabulu, na shanya su kamar yadda muke shanya alluna a makaranta. Na kiyaye kada ruwa ya taɓa siraran ledojin lantarki na ciki. Da na kwance shi, sai na tarar wasu ƙusoshin roba da ke riƙe da farantin ƙarfensa sun karye. Na huda gurabensu, na ɗaure da ƙananan noti.

Saura wayar. Bakinta irin na PS/2 ne, wanda IBM ta fito da shi a 1987, laftof kuwa USB kawai ta sani. Mahaɗin farko da na sayo bai yi aiki ba, domin wayoyi kawai yake sadarwa. Dole sai mai ƙwaƙwalwa a ciki, wanda yake yi musu tafinta. Da na samo shi, sai na saita manhaja don ɓ, ɗ da ƙ su riƙa fita.

Baba ya lalubo ɗan tudun da ke kan F da J, ya yi bisimilla, ya fara bugawa. Ya yi murmushi, ya ce, "Allah Ya yi maka albarka."

Ya ku 'yan'uwa, kafin mu sauya wa iyayenmu kayan da hannunsu ya saba da su, mu fara tambayarsu. Mu da niyyar alheri muka yi, amma saura kaɗan mu raba dattijo da alƙalaminsa. Yanzu asuba ta dawo da ƙararta, tarihin kuma ya ci gaba.