Jirgin da Aka Haɗa a Gareji

Litinin

Maƙwabcin yayana a Fond du Lac, jihar Wisconsin, dattijo ne da ya yi ritaya daga koyar da aikin ƙarfe. Yau ya kai mu rumfar da yake ajiye jirginsa a gefen gari, ya ce in Allah Ya kai mu cikin makon nan zai ɗaga ni in ga ƙauyukansu ta sama. Jirgin RV-6A ne, mai kujera biyu kafaɗa da kafaɗa. Kamfanin Van's Aircraft na jihar Oregon ne ya sayar masa da shi a akwatuna, fallayen alminiyum da zanen aiki, sauran kuwa hannunsa: yanka, huda, da danne dubban ribit. Shekaru motar matarsa na kwana a waje cikin ƙanƙara saboda fiffike ya cinye gareji.

A gaban kujerar fasinja akwai rubutun da doka ta wajabta, mai shaida maka cewa ba masana'anta ce ta ƙera jirgin ba, kuma bai cika ƙa'idodin jiragen kasuwa ba. Na ce, "Yaya, kai ka taɓa shiga?" Ya ce shi mai iyali ne.

Talata

Hazo ya rufe gari, babu tashi. Dattijon bai ko yi tsaki ba, ya ɗauko kundin aikinsa. Hukumar jiragen sama ta Amurka ba ta yi wa irin wannan jirgi rajista sai mai shi ya nuna cewa fiye da rabin aikin 'yan sha'awa ne suka yi shi, don ilimi ko nishaɗi. Shi ya sa kowane mataki yake da hoto da kwanan wata. A lokacin da ya haɗa nasa, bayan sufeto ya duba, sai matuƙi ya yi awa 25 ko 40, gwargwadon injin da farfela, yana gwaji a yankin da aka keɓe masa, kafin ya ɗauki fasinja. Kuɗin haya kuwa haramun ne. Wannan kundi ya kwantar mini da hankali fiye da fentin jirgin, musamman shafukan da ya rubuta cewa ya ɓata wani yanki ya sake sayo sabo.

Da ya ji daga Kaduna nake sai ya gyara zama. Ashe ya san Air Beetle, tsohon jirgin koyon tuƙi na sojojin saman Nijeriya, wanda aka haɗa guda 60 a Kaduna bisa tsarin wannan RV-6A ɗin. Ina yaro na sha jin ƙuginsu a sararin Kawo da Mando. Wato ɗan'uwan jirgin da ke gabana ya daɗe yana wuce rufin gidanmu.

Laraba

Iska ta hana tashi. Muka tafi Oshkosh gidan tarihin ƙungiyar masu haɗa jirgi da kansu, EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953. Tun 1970 taronsu na shekara a garin ake yi, ƙarshen Yuli, jirage wajen 10,000. Mun zo bayan an watse, sai ciyawar da tayoyi suka kwantar.

Alhamis

Da hantsi sama ta yi garau. Ya tambayi nauyina ba kunya, ya lissafa. Ya tsiyayi mai daga ƙarƙashin kowane fiffike a 'yar kwalba, shuɗi-shuɗi, ya ɗaga wa rana ko akwai ruwa a gindi. Na yi addu'ar hawa abin hawa, ya ja murfin gilashi ya rufe mu.

Gudu kaɗan a ƙasa, sai ga mu a sama. A ƙafa 2,000 muka daidaita, tsayin da har yanzu kana iya ƙirga shanu. Abin da ya fara kama idona shi ne layi. Hanyoyin karkara sun miƙe gabas da yamma, kudu da arewa, suna yanka ƙasa murabba'i-murabba'i, kowane mil ɗaya, eka 640. Tsarin awon fili ne da aka shimfiɗa tun dokar 1785, aka auna ƙasar a takarda aka sayar wa baƙi bayan an raba 'yan asalinta da ita. Daga mota gonaki kawai kake gani. Daga sama kana ganin hannun mai awo.

Amma ƙasar ba ta bi layin duka ba. Da muka yi kudu sai ga tuddai dogaye masu siffar ƙwai, dukkansu sun fuskanci waje guda, kamar garken da aka kora mashaya. Tsohon tulin ƙanƙarar da ya rufe yankin dubban shekaru da suka wuce ne ya murza su haka. Masara ta yi duhu, harawar shanu an yanke ta layi-layi, kowane gida da jan garke da dogayen rumbunan abincin dabbobi. Wasu rumbunan babu rufi. Ya nuna su da haɓa, ya ce ƙananan masu madara ne da suka sayar da shanunsu.

Sai fadamar Horicon, sama da eka 30,000, kusan duk kacalla. Ciyawar da ta toshe wa manoman Haɗeja da Nguru magudanan ruwa ita ce a nan ta cika fadamar da ake gadi saboda tsuntsaye. Ya ƙara hawa don kada mu firgita su.

A hanyar komowa ya ce in riƙe sandar tuƙi da yatsa biyu kawai. Da na ɗan matsa, fiffike ya amsa nan take. Muka bi gaɓar tafkin Winnebago, mai tsawon mil kusan 30 amma zurfinsa bai wuce ƙafa 21 ba, injinan lantarki na iska suna juyi a kan tudun gabas. Rana ta fara zafa gonaki, jirgin ya soma tsalle, cikina ya ce ya isa. Ya sauke mu lafiya lau.

Juma'a

Kafin mu kama hanyar masallaci na leƙa rumfar. Na tarar da shi da wani abokinsa mai haɗa nasa jirgin. Danne ribit aikin mutum biyu ne: ɗaya da bindigar iska a waje, ɗaya ya zura hannu cikin fiffike ya tokare da guntun ƙarfe. Suka ba ni ƙarfen. Duk wanda aka danne sai dattijon ya auna kansa da ma'auni, wanda ya karkace a huda a cire. Abokin ya ce saura ɗaya fiffiken, da wutsiya, da injin da bai tara kuɗinsa ba tukuna.