Azurfar Aljihun Dattawa

Abin da nake tarawa bai cika tafin hannu ba: hantsakin cire ƙaya, tsinken sakace, tsohon zobe, irin kayan da dattawan Gaffati kan ajiye a aljihun riga. Domin ƙera irin waɗannan kaya, maƙeran fari na Zinder sun sha narka kuɗin Mariya Tereza mai ɗauke da shekarar 1780, wanda fatauci ya baza a Damagaram zamanin Sarki Tanimun. Azurfarsa 833 ce cikin dubu, ta Ingila kuwa 925. Wannan bambancin bai dame ni ba. In na goge hantsaki da toka, nakan bar baƙin da ya kwanta cikin zanensa, domin shekarun mai shi ne. Dillalai kan auna nauyi su narkar, shi ya sa nake roƙon magada su riƙe kayan iyayensu.