Sandar da ke Cikin Sifirin

Duk wanda ya taɓa warware biro mai maɗanni ya san sifirin ba ya tsayuwa shi kaɗai. Ka matsa shi da yatsu biyu, sai ya lanƙwashe ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin benci. Bututun tawadar da ya ratsa cikinsa ne ke miƙar da shi. Dabarar nan ita ce a shokozobar babur, ita ce kuma a cikin fistol mai ɗura wa kanta harsashi: in aka harba, marfin sama ya ja baya, sifirin ya dawo da shi, wata 'yar sanda a tsakiya tana hana shi karkacewa.

A ƙasashen da doka ta bar mutane su riƙe fistol, musu kan wannan sanda ba ya ƙarewa. Wadda John Browning ya zana, sojan Amurka suka karɓa a 1911, gajeriyar sanda gare ta, daga baya wasu suka riƙa sa mata doguwa. Glock ta ƙasar Ostiriya, wadda ta fito a farkon shekarun 1980, ta saba wa mutane da sandar roba, a 2010 kuma ta kawo mai sifirin biyu, ɗaya cikin ɗaya. Wasu suna cire ta roba su sa ta ƙarfe, wai ta fi ƙarko. Masu gasar harbi kuwa tangistin suke so, don ya ninka ƙarfe nauyi kusan sau biyu da rabi, nauyin yana rage ɗagawar bakin bindiga. Ni dai a ganina na ɗalibin kanikanci, robar nan ba rowa ba ce: ba ta tsatsa, kuma in ta ɗan tanƙwaru tana komawa daidai, ƙarfe kuwa in ya lanƙwashe shi ke nan.

To mene ne ruwana, ɗan Kimba da bai taɓa riƙe fistol ba?

Lokacin horon sanin makamar aiki na zauna a wani shagon feƙe ƙarfe a Jega. Aikinmu kullum injinan ban-ruwa ne na masu albasa daga Aliero da manoman Maiyama, sai injinan niƙa. Wata ranar kasuwa wani mutum ya shigo da karyayyiyar sandar roba, tsawonta kamar yatsa, sifirin na naɗe da ita. Ya ce a yi mai irinta da ƙarfe, ta injin feshi ce. Kuɗin da ya faɗa sun fi na aikin wuni guda. Maigidan shagon ya juya ta a tafin hannu sau ɗaya, ya miƙa mai.

"Malam, wanga ba na injin feshi ba na. Ɗauki abinka."

Da mutumin ya fita ya ce mana, "Ku yara, ba duka ƙarfe aka feƙewa ba." Bai ƙara ba, muka koma kan injin da ke gabanmu.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, kowannenmu zai iya wannan aikin kafin a kira la'asar, kuma ba abin da ke jikinta mai kama da bindiga. Alhali Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin shugaban ƙasa. Ko bindigar toka ta maharbanmu tana da nata izinin. Ƙera makami ko gyara shi ba da izini ba laifi ne mai kai mutum gidan yari, kuma "wallahi ban sani ba" ba ta cika fitar da yaro daga hannun 'yan sanda ba. Ga halin da jiharmu ke ciki na 'yan bindiga, wanda ya zo neman gyara a ɓoye ba don gasar harbi ya zo ba.

Mai sha'awar fannin da gaske, akwai masana'antar kayan tsaro ta DICON a Kaduna tun 1964, ta ƙofar gaba ake shigarta. Mu sauran, abin da nake roƙon ƙungiyar ɗalibai ta kai wa sashenmu kaɗan ne: kafin a sallame mu zuwa horo na gaba, a ba mu awa ɗaya, a gayyato jami'in tsaro ya nuna mana hotunan irin waɗannan sassa da abin da doka ta ce a kansu.