Inda Bas Ke Ajiye Mai Tafiya a Gaɓar Antrim

Shekarun da na yi ina karatu a Coleraine, can ƙuryar Ailan ta Arewa, ban mallaki mota ba, kai ko keke. Kuɗin tallafin karatu iyakarsu haya da cefane. Sai dai garin yana bakin wani yanki da mutane ke biyo jirgi tun daga Amurka don su gani: gaɓar tekun Antrim, da kwaruruka tara da suka gangaro daga kan tudu suka nufi teku. Abin da ya raba ni da su kuɗin bas ne kawai.

Ba don sha'awa na fara ba. Bahaushe gwanin tafiyar ƙasa ne, amma sai da dalili: kasuwa, gona, zumunci, gaisuwar mutuwa. A ce mutum ya ɗaure takalmi ya yini yana taka gefen tsauni, ba saye ba sayarwa, wannan a wurinmu sai a tambayi lafiyarsa. Dattijuwar da nake haya a gidanta ce ta gaji da ganina ƙunshe a ɗaki kowace Asabar, ta miƙo mini takardar lokutan bas da wata tsohuwar rigar ruwa ta ɗanta, ta nuna mini ƙofa. Da na ba mahaifiyata labari a waya, shiru ta yi, can ta ce, "Kai ɗan nan, kuɗin motar ne suka ƙare? In sa yayanka ya aiko maka?" Na ce, "A'a Inna, haka mutanen nan suke yi." Ta ce, "To, Allah Ya kyauta."

Sannu a hankali na gane cewa a wannan gaɓar, marar mota ya fi mai mota morewa. Wanda ya zo da motarsa dole ya dawo inda ya ajiye ta, saboda haka rabin tafiyarsa maimaici ne. Mai bas kuwa sai ya sauka a nan, ya miƙe abinsa, ya tari wani bas ɗin a gaba. Hanyar ƙafa da ake kira Causeway Coast Way ta kai kimanin kilomita 53 daga Portstewart zuwa Ballycastle, titin mota kuma yana biye da ita kusan ko'ina. A shekarun nan, bas mai lamba 172 na kamfanin Translink ne ke bin wannan titi, lokacin da baƙi suka yawaita kuma a ƙaro mai lamba 402. Sai mutum ya yanki gwargwadon ƙarfinsa, ya bar saura sai wani mako.

Yankin da ya fi zauna mini a rai shi ne daga Dunseverick zuwa Giant's Causeway, wajen kilomita 8. Bas zai ajiye ka a gefen titi, ba shago ba rumfa, sai kufan wata tsohuwar fada a kan dutse, wadda ɗan guntun bango kaɗai ya rage mata. Daga nan siririyar hanya ce a kan ciyawa. Hannun hagu shingen waya da tumaki masu tabon fenti a gadon baya, alamar mai su. Hannun dama kuwa ƙasa ta yanke, sai teku can ƙasa tana dukan baƙin dutse. Wata ƙaya mai fure ruwan ɗorawa ta cika gefen hanya. Iska ba ta hutawa, har sai ka dafe hula. In gari ya washe, kana waiwayawa ka ga tsibirin Rathlin, can nesa kuma ƙasar Sikotilan. Duk wanda ka gamu da shi zai gaishe ka, gaisuwar kuma ba ta wuce maganar ruwan sama: ko ya ɗauke, ko yana tafe.

Kafin ka isa za ka wuce ta saman wani lungun teku da ake kira Port na Spaniagh. A nan ne jirgin yaƙin Sifen mai suna Girona ya daki dutse a watan Oktoba na 1588, bayan harin da Sifen ta kai wa Ingila ya watse. Mutum kimanin 1,300 ke ciki, waɗanda suka tsira ba su kai goma ba. Wani mai nutso ɗan Beljiyam, Robert Sténuit, ya gano wurin a 1967, zinariyar da aka tsamo kuma tana gidan tarihi na Ulster a Belfas. Na je na gan ta daga baya, amma tsayuwa a saman lungun nan, kana kallon yadda ruwan ke tafasa a tsakanin duwatsu, ta fi gilashin gidan tarihi bayani.

Daga sama ake gangarowa ta wata matattakala mai hawa 162, sai ga ka a kan ginshiƙan da suka sa Giant's Causeway ya yi suna. Kusan 40,000 ne, akasarinsu masu gefe shida, a jere kamar da gangan. Narkakken dutse ne ya malalo shekaru wajen miliyan 60 da suka wuce, yana hucewa yana tsukewa yana tsagewa, irin yadda lakar tafki ke daddarewa da rani, sai dai nan tsagar ta nutsa ƙasa ta zama ginshiƙi. Mutanen wurin sun fi son labarin wani ƙato, Finn McCool, wai shi ya shimfiɗa su don ya haye Sikotilan ya kara da abokin gabarsa. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1986. A nan kake cin karo da cunkoson masu ɗaukar hoto, waɗanda manyan motoci suka sauke. Sun ga duwatsun, ba shakka, amma ni a ganina sun ga ƙofa ne ba su shiga gida ba.

Kwarurukan su kuma wani hali ne daban. In zan je Glenariff, wanda ake yi wa kirari da sarauniyar kwaruruka, sai na bi jirgin ƙasa zuwa Ballymena, sannan in hau bas 150 mai zuwa Cushendall, in roƙi direba ya ajiye ni a bakin gandun dajin. Ciki akwai hanyar katako da aka kafa a jikin dutse, tana bin rafi ƙasa, ruwa yana zubowa daga sama launinsa kamar shayi saboda irin ƙasar da ya ratso. Katakon kullum a jiƙe, gansakuka ta lulluɓe komai, feshin ruwa yana jiƙa maka fuska. Mutumin da ya tashi inda ake roƙon ruwa, sai ya tsaya yana lissafin gonakin da wannan zubar za ta shayar.

Kafin a yi titin gaɓa, mutanen kwarurukan nan sun fi samun sauƙin zuwa Sikotilan ta kwalekwale a kan su haye tudu zuwa garuruwan ƙasarsu. Wani injiniya, William Bald, shi ya fasa duwatsu ya shimfiɗa titin tsakanin 1832 da 1842. A kansa bas ɗin Larne ke bi ta Glenarm da Carnlough, teku na kusan taɓa taya.

Takardar lokutan bas ɗin nan ita ce ubangidan mai tafiya. Bas ɗin ƙauye ba ya yawa, ran Lahadi ya ƙara ƙaranci, in na ƙarshe ya wuce kuwa ba ɗan acaɓa da za ka tsayar. A White Park Bay akwai wani lissafin kuma, don in teku ta ciko, gefen da ake bi ta kan duwatsu zuwa Ballintoy yakan rufe. Ga lissafin lokutan salla a kai. Da hunturu rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, azahar da la'asar kan riske ni a hanya, in nemi bayan katangar dutse in shimfiɗa rigar ruwan nan in yi. A 2015 azumi ya faɗo a Yuni da Yuli, ba a shan ruwa sai wajen goma na dare. Watan nan na jingine tafiya gaba ɗaya, sai bayan salla ƙarama.

Yanzu yaranmu da ke karatu a Birtaniya sun fi na zamaninmu yawa, galibinsu kuma daga aji sai ɗaki sai kanti. Wanda ke Belfas, jirgin ƙasa zai kai shi Coleraine, tashar bas kuma manne take da ta jirgin. Lambobi da lokuta kan canza, don haka ya duba na ranar kafin ya fita, ya duba na cikowar teku, ya nemi takalmin da ba ya santsi. In ya zo sauka ya yi wa direba godiya, don haka al'adar wurin take.