Sanyin Winifeg Da Kayan Goge Mota

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon fili in ba 'yan'uwa labarin Winifeg, babban birnin lardin Manitoba a ƙasar Kanada.

Can a watan Janairu sanyi yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri, har kogunan garin su daskare, mutane su riƙa tafiya bisansu. Gishirin da ake barbaɗa wa hanyoyi saboda ƙanƙara yana sa mota tsatsa, don haka wanki ya zama tilas.

To, sabulun ruwa da man goge mota, yawancinsu da ruwa aka haɗa su. Ruwa kuwa in ya daskare yakan kumbura da misalin kashi 9 cikin 100, sai kwalba ta fashe. Ko ba ta fashe ba, mai yakan rabu da ruwa kamar madarar da ta tsinke, kuɗi sun salwanta. Shi ya sa masu lura ba su barin su kwana cikin mota, sai cikin ɗaki mai ɗumi. Wanda ya daskare, a bar shi ya narke sannu, nesa da wuta, sa'an nan a girgiza.

Ɗalibanmu masu zuwa can, a kiyaye. Wasalam.

Naka,
Wani Akawu, Kaduna.